Shayin da Kyle Ya Sha a Falona

"Ki buga musu waya su zo su ɗauke tsiyar nan, Mavis. Yau, ba gobe ba."

"Ba zan buga ba."

"To ki sani, ranar da aka fasa miki taga kada ki zo ƙofata da kuka."

"Wa ya fara zuwa ƙofar wani da kuka, ni ko ke? Wace ce ta tsaya min a nan da rigar barci a juye tana cewa zuciyarta za ta tsaya?"

Queenie ta dangwarar da kofinta har shayi ya fantsama a kan teburina. Queenie Ogden maƙwabciyata ce, ƙofarta na kallon tawa a hawa na biyu na Gidan Marlow, nan Hull. Tare muka tsufa, tare muka binne mazajenmu, kuma sati bai taɓa fita ba mu yi cacar baki ba. Amma faɗan ranar daban ne, don murya ƙasa-ƙasa muke yinsa, kowa na satar kallon silin.

Saman silin ɗin nan Kyle Birtles yake.

Tun da ofishin gidaje ya ba shi ɗakin da ke kaina, gidan nan bai sake ganin lafiya ba. Kiɗa ne irin wanda ba da kunne ake jinsa ba, da haƙora ake jinsa. Hoton mijina ya faɗo daga bango har na gaji da mayar da shi. Baƙi na hawa da sauka, wasu ko ido ba sa iya buɗewa, sun mayar da lif ɗin hawa bene bayan gida. Ga karensa Duke, kansa kamar tukunya, wanda yake saki a matattakala ba igiya. In za ni shago sai na kasa kunne a ƙofa na ji ba motsin farce, sannan na leƙa.

Kowa ya gaji, amma ba mai magana. A unguwarmu gulma daban, kai ƙara daban. Ka zagi mutum a bayan idonsa har ka ƙoshi, ba wanda zai ga laifinka, ni kuwa a wannan fannin ba a kai ni ba. Amma ka kai sunan maƙwabcinka ofis? Ka zama ɗan rahoto ke nan, ko gawarka ba za a raka ba. Tsoho Walt na ƙasa ne kawai ya gwada. Aka turo masa kashin kare ta kafar wasiƙun ƙofarsa, aka yi wa keken guragunsa fata-fata, daga baya aka jefo masa ƙyalle mai wuta. Ba wanda ya ga komai. 'Yarsa ta zo ta kwashe shi, yanzu yana gidan tsofaffi yana kallon bango.

Ni ma ba jarumta ce ta kai ni ofis ba, rashin barci ne. Nasrin, yarinyar da ke kula da gidajenmu, ta ce min, "Mama, ni na yarda da ke, amma alƙali ba ya cin shari'a da yarda. Ko dai maƙwabta su fito su ba da shaida, ko mu sami sautin da kansa." Maƙwabta kuwa kowa ya ce kurma ne. Shi ne ta kawo min na'ura a cikin jakar cefane, ta cire katin aikinta daga wuya tun daga mota don kada a gane ta. Baƙin akwati ne, da makirfo a kan siririyar ƙafa, da maɓallin da zan danna in kiɗa ya tashi. Ta kafa shi gefen kujerata ta ce, "Kada ki gaya wa kowa, Mama. Kowa fa."

Ni! Ta ga ruwa ta ce kada ya gangara.

Na yi ƙoƙari, Allah ne shaida. Na je wasan cacar bingo na dawo bakina a ɗinke, har Pat mai kyanwowi ta tambaye ni ko sabbin haƙora na sa suna min ciwo. Queenie kaɗai ta sani, ita ma don ta shigo ba sallama ne ta ci karo da shi. Da rana kuwa ina jawo abin shanyata in gitta a gabansa, in baza manyan kamfaina da rigunan nonona a kai. Na san mazan ƙasar nan. Ko mai gyaran famfo ne ya shigo ya hango kamfan tsohuwa, zai kafe idonsa a silin har ya fita.

"Kamfai ba ganuwa ba ne," in ji Queenie. "Yaron nan ya riga ya ji ƙishin-ƙishin. Jiya na gan shi yana bin ƙofofi da kallo ɗaya bayan ɗaya."

"Ke dai matsoraciya ce."

"Eh, na ji. Matsoraciyar da ke son ta mutu a kan gadonta."

Muna cikin haka aka danna ƙararrawa. Queenie ta dafe ƙirji. Na leƙa ta 'yar kafar ƙofa, sai na ga mai kawo saƙo ne, yana haki, da wani uban kwali kusan tsayin ƙuguna.

"Na lamba tara ne, Mama, ba ya nan. A ajiye a wurinki kamar kullum?"

Lamba tara Kyle ke nan.

Duk saƙon da ya zo gidan nan mai shi ba ya nan, wurina ake ajiyewa. Haka muka saba, maƙwabci na karɓar wa maƙwabci. Ni kuma ban taɓa ƙi ba, don kwali na magana in ka iya girgiza shi. Ta haka na san matar Desmond maƙwabcinmu na shan maganin rage ƙiba, ta haka na san limamin coci ya sayi gashin kai. Na Kyle ma na sha karɓa, ya zo in miƙa masa ta bakin ƙofa da sarƙa a maƙale. In na ƙi yau, mutumin nan zai bar masa takarda cewa lamba biyar ta ƙi karɓa, shi kuma ya fara tambayar kansa dalili.

"Ajiye," na ce.

Ɗan lungun ƙofata ba shi da faɗi, kwalin zai tare hanya. Kafin in ce uffan, bawan Allah ya ja shi har tsakiyar falo, wai taimakona yake. Ya fita yana fito. A jikin kwalin ga hoton abin da ke ciki: sifika, irin ta gidan rawa.

"Ya ƙaro wata," in ji Queenie. Sai kuma ta zaro ido. "Mavis. A nan zai shigo ya ɗauka."

Muka kama kwalin mu biyu. Ni ga gwiwa, ita ga baya. Muka tura, muka ja, muka yi nishi kamar masu naƙuda. Ko gezau. Queenie ta ce mu cire na'urar mu kai ɗakin kwana, na ce Nasrin ta ɗaure wayar na'urar da hatimi, in an taɓa shaidar ta lalace. Muna wannan gardamar muka ji farcen kare a matattakala.

Ƙwas, ƙwas, ƙwas. Sai shiru. Sai ƙwanƙwasa, a hankali, da yatsa ɗaya.

Queenie ta nufi ƙofa za ta gudu, ta tuna shi ne a ƙofar, ta dawo ta zube a kujera.

Na buɗe. Kyle ba ƙato ba ne, abin da ke ba mutane mamaki ke nan. Siriri ne, fari fat kamar bai taɓa ganin rana ba, da zane a wuya, da idanu masu tsayawa a kan mutum ba ƙiftawa. Karen na goga masa ƙafa.

"Kaka. An ce kayana na nan."

"Suna nan, ɗan nan. Sun fi ƙarfina, sai ka shigo."

Ya shigo, karen ya biyo shi ba wanda ya gayyace shi. Ya ga Queenie ya ɗaga mata haɓa. "Kaka ta biyu. Ana taro ne?" Idonsa ya kai kan abin shanya, ya kau da kai da sauri kamar an watsa masa ruwan zafi. Na ce a raina, Queenie, kin gani ko?

Ya sunkuya ya kama kwalin. Da na yi shiru da shi ke nan. Amma tun ina yarinya uwata ta koya min mutum ba ya shiga falonka ya fita ba ka yi masa tayin shayi ba, ko da ɗan sanda ne ya zo kama mijinka. Tayi ne kawai, kowa ya sani. Kai ka ce a sha, shi ya ce ya gode yana sauri. Bakina ya furta kafin kaina ya farga.

"Ba za ka sha shayi ba?"

Ya saki kwalin. Ya miƙe a hankali.

"Zan sha," in ji shi. "Suga uku."

Queenie ta yi min wani kallo, da kallo na kisa da tuni an yi jana'izata.

Na shiga kicin. Butar nan ta ƙi tafasa kamar da gayya. Ta ƙofa ina hango shi ya zauna a kujerata, kujerar da ke manne da abin shanya, gwiwar hannunsa na taɓa gefen farar rigata. Na zuba madara rabi a kofi rabi a ƙasa. Na haɗo da biskit a faranti, don shayi ba biskit shi ma abin zargi ne.

Ya kurɓa. Ya tsoma biskit, ya ci, ya lashe yatsa.

"Kin iya shayi, Kaka. Tawa kakar kamar ruwan wanke-wanke take yi." Ya ajiye kofin a kan gwiwarsa. "Dama ina son ganinki. An kai ƙarata ofis."

"Kai haba?"

"Wallahi. An aiko min gargaɗi, wai ana bincike. Wai ni ne na hana mutane sakat." Ya yi 'yar dariya. "Ni da ba ruwana da kowa. Ko ba haka ba, Kaka Queenie?"

Kofin Queenie na ƙara a kan farantinsa kamar haƙoran mai zazzaɓi. "Ni kurma ce, ɗana. Ba na jin komai."

"Amma kin ji wannan." Ya juyo gare ni. "Ke kuma, Kaka, ba a yin tusa a gidan nan ba ki san wanda ya yi ba. Ke kika san budurwata ta tafi kafin ni in sani. Wane ne?"

"Ban sani ba."

"Ba ki sani ba."

"Ban ji komai ba."

Ya daɗe yana kallona. Na ji agogon bango, na ji numfashin karen, na ji gumi na gangaro min a baya.

"Abin da ya ba ni mamaki ke nan," in ji shi a hankali. "Da kin ce Desmond ne, ko Pat, da na ce halinki ne. Amma Mavis Thackray ta ce ba ta sani ba? Tun da na zo gidan nan ban taɓa jin haka ba." Ya sosa kan karen. "Kin tuna Walt? Na ji an ce ba ya gane mutane yanzu. Abin tausayi. Tsufa ba daɗi, ga matattakalar nan ba fitila."

Duke ya miƙe. Kare ba shi da kunyar tsohuwa. Ya cusa hancinsa cikin shanyata yana shinshina, ya kama bakin wani kamfai mai furanni, ya ja. Abin shanyar ya yi tangal-tangal ya kife gaba ɗaya.

Ga makirfo tsaye a kan ƙafarsa. Ga baƙin akwati da 'yar fitilarsa ja, da tambarin ofishin gidaje a jiki.

Queenie ta ce, "Wayyo Allah," can ƙasan maƙoshi.

Kyle bai yi ihu ba. Na so a ce ya yi. Ya ajiye kofinsa a kan tebur, ya gyara shi daidai kan farantin, ya miƙe ya tsaya tsakanina da ƙofa.

"Ashe ke ce."

Na duba tagata. Na duba kafar wasiƙun ƙofata, na ga ƙyallen nan mai wuta na shigowa ta ciki, ni kuma da gwiwar da ba ta gudu. Ni kaɗai ce, kamar yadda Walt ya kasance shi kaɗai. Wuƙa ba ni da ita, ƙarfi ba ni da shi, ɗa namiji ba ni da shi a kusa. Abu ɗaya Allah ya ba ni, baki, sai na sake shi.

"Ni ce ta wannan satin," na ce.

"Me?"

"Zagayawa ake da shi, ɗan nan, ba ka sani ba? Ni ce ma ta ƙarshe, don sun san bakina ba ya riƙe magana. A ɗakin Queenie aka fara kafa shi."

Queenie ta buɗe baki. Ban dube ta ba.

"Daga nan aka kai wa Desmond, shi da ke aikin dare, ya ce tun bazara bai runtsa ba, har ya kusa kifar da motar kamfani. Pat ta karɓa, kyanwarta ta yi ɓari saboda kiɗanka, ta rantse sai ta ga bayanka. Su Kowalski kuwa ba su tsaya ga na'ura ba, matar hoton duk mai hawa wurinka take ɗauka daga tagar kicin, ka san ƙaninta na aiki a kotu. Limamin coci ya je ofis da ƙafarsa, da sabon gashinsa. Har 'yan biyun nan na sama da kai da kake ba wa sigari, uwarsu ce ta fara kuka a gaban Nasrin."

Ƙarya ce tun daga kai har ƙafa. Amma Desmond na aikin dare, kyanwar Pat ta yi ɓari, ƙanin matar Kowalski na share kotu. Gulma in ba ka sa mata gishirin gaskiya ba, ba ta shiga. Na yi ta zubawa, ƙofa bayan ƙofa, hawa bayan hawa, ban bar ko mai goge matattakala ba. Bakina sai gudu yake.

"Ƙarya kike," in ji shi.

"To. Kai ka ce ba abin da ban sani ba. Hau ka tambaye su. Kowa zai ce maka kurma ne, kamar yadda wannan ta ce."

Ya dubi Queenie. Baiwar Allah fuskarta ta yi fari, leɓenta na rawa, ta kasa haɗa ido da shi. Ko da kuɗi na ɗauke ta ba za ta yi kama da mai laifi haka ba.

A karon farko na ga idon Kyle ya ƙifta. Ya ɗaga kai ya dubi silin, ya dubi bango, kamar yana hango dukan ƙofofin gidan ta cikinsu. Wuyansa ya yi ja har kunne. Ya matso dab da ni har na ji warin taba da biskit ɗina a bakinsa.

"Ki ce musu na gode," in ji shi. "Ki ce musu duka na ji."

Ya rungumi kwalin kamar ba nauyi, ya yi wa karen fito. Ya fita ya ja ƙofar a hankali, har sai da ta ce ƙit. Muka ji takunsa yana hawa. Muka ji ƙofarsa. Muka jira kiɗa.

Ba kiɗa. Shirun ya fi kiɗan muni.

Sai a lokacin na zauna a kan hannun kujera, ga kamfaina warwatse a ƙasa.

"A ɗakina aka fara kafa shi," in ji Queenie. Muryarta ba ta fita sosai. "A ɗakina, Mavis?"

"Ke ce kusa, ke kika fara faɗo min."

"Kin ɗauki sunana kin sa a bakin kura! Ni da Desmond da Pat da uwar 'yan biyun nan! Mutanen da ba su ji ba ba su gani ba!"

"Sun ji mana. Kowa ya ji, barci ne ba wanda ya yi." Na tsinci kamfai ɗaya daga ƙasa. "Mutum ɗaya ake jefa wa wuta, Queenie, ba gida guda ba. Me ya hana ku ba da shaida, ba tsoron kada ya sani ba? To ga shi a wurinsa kun riga kun bayar. Yanzu wanda ya ƙi zuwa wurin Nasrin ya ɗauki laifin a banza, ba wanda zai tsaya masa."

"Wato kin ɗaure mu ke nan."

"Na ɗaure mu tare."

"Wa ya ba ki izini? In ya fara da ni fa? Ƙofata ce ta farko in ya sauko!"

Ni ma tunanin da nake yi ke nan. Sama da kanmu aka ja wani abu mai nauyi a ƙasa, daga wannan bango zuwa wancan. Muka yi tsit har ya tsaya.

"Ki zauna a nan yau," na ce. "Mu buga wa Nasrin tare, sannan mu bi ƙofofi mu gaya musu kafin ya riga mu."

"Ki bi da kanki. Ki fara da Desmond, in ga ko zai yi miki tayin shayi." Ta miƙe tana lalubar sandarta. "Tun muna 'yan mata nake gaya miki bakin nan naki zai yanka wuya. Ban san nawa zai yanka ba."

"Queenie, tsaya mana, ki bari in leƙa in ga ko karen..."

Ba ta tsaya ba. Ta fizgi ƙofar, ta fita, ta buga ta da ƙarfin da ban san tana da shi ba, har gidan ya amsa.